Ganguna sun koma fiyano bayan na fitar da MIDI, ina neman shawara

Tambaya daga wani mai haɗa sauti a Gusau

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu wannan sana'a. Ina da ƙaramin sutudiyo a nan Gusau, kuma wata makarantar sakandare ta ba ni aikin shirya kiɗan da 'yan badujalarta za su buga ranar bikin yaye ɗalibai. Malamin da ke horar da yaran ya nemi abu biyu: sautin da za su riƙa saurara, da kuma rubutaccen kiɗa a takarda, domin yana koya musu karanta alamomin kiɗa, kuma yana son abin da 'yan bana suka koya ya rage wa na bayansu.

Na haɗa kiɗan a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Kik (babbar ganga), sineya (ƙaramar ganga), haihat (ƙananan farantan ƙarfe biyu da ke haɗuwa) da tafi kowanne yana da nasa gurbi, kuma na jera bugunsu da 'yan akwatunan nan da aka saba dannawa. Kalangu kuwa muryar na gaske ce na naɗa daga hannun wani makaɗi, sannan na buga shi da yatsuna a kan fiyano, ina lanƙwasa muryar da ɗan gargaren da ke gefen hagu don ta riƙa hawa tana sauka. A cikin manhajar komai yana tafiya daidai. Da na fitar da fayil ɗin MIDI, wato fayil ɗin da ke kai kiɗa daga wata manhaja zuwa wata, na buɗe shi a MuseScore, manhajar rubuta alamomin kiɗa, a nan ne al'amura suka rikice.

Gangunan nan huɗu duk sun fito da muryar fiyano, kuma alamominsu sun jeru a wuri ɗaya, babu wadda ta fi wata tsawo ko ƙasa. Rubutun kalangun ya cika da ƙananan alamomin shiru da igiyoyin haɗi, har ba na tsammanin akwai yaron da zai iya karanta ɗaki ɗaya (yankin rubutun kiɗa da ke tsakanin sanduna biyu) daga ciki, sannan hawa da saukar muryarsa sun ɓace gaba ɗaya. Bayan haka, wani abokin aikina da ke amfani da wata manhajar haɗa kiɗa mai suna Cubase ya ce in mayar da kik kan C1, na mayar, amma da na tura masa fayil ɗin sai ya ce bai ji komai ba. Ina roƙon wanda ya san yadda abin yake ya yi mini bayani dalla-dalla, domin bikin ya ƙarato kuma yaran suna buƙatar lokacin atisaye.

Amsa daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu abin da ya lalace a kwamfutarka, kuma kowace manhaja ta yi abin da aka tsara mata. Tushen matsalar shi ne fayil ɗin MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Tun da aka fito da tsarin a 1983, abin da yake aikawa umarni ne cikin lambobi: tasha kaza daga cikin 16, lamba kaza tsakanin 0 da 127, ƙarfin bugu kaza, a lokaci kaza. Kamar ka aika wa tela awo ne ba tare da yadi ba, ya ɗinka da abin da ya samu a shagonsa. Muryar kik ɗinka ta tsaya a kwamfutarka, lamba kawai ta yi tafiya.

To wace lamba ce ta tafi? A FL Studio, duk akwatin da ka danna yana buga C5 ne idan ba ka sauya shi ba, wato lamba 60, ko kik ne ko sineya ko tafi. Manhajar tana bambanta su ne da gurbinsu, ba da lambarsu ba. Da MuseScore ta buɗe fayil ɗin sai ta ga lamba 60 ana ta maimaitawa a tashoshin da ba na ganga ba, ta rubuta ta a matsayin C na tsakiyar fiyano, shi ya sa ka ga komai ya jeru wuri ɗaya. Ƙa'idar General MIDI ta 1991 ta keɓe tasha ta 10 domin ganguna, ta kuma ba kowace ganga lambarta daga 35 zuwa 81. Waɗanda aikinka ya shafa su ne 36 kik, 38 sineya, 39 tafi, 42 haihat a rufe, 46 haihat a buɗe, 49 babban farantin ƙarfe. Ka lura cewa mayar da tasha zuwa 10 kaɗai ba ya wadatarwa, domin lamba 60 a wannan tasha ƙaramin bongo ce, kuma za ka ji kiɗanka duka ya koma bongo.

Ga yadda nake yi. Ka fara ajiye aikin da wani sabon suna, ka yi gyaran a cikin kwafin. Ka buɗe gurbi guda na MIDI Out, ka sa tasharsa a 10. Ka aika bugun kowace ganga zuwa Piano roll, wato allon da ake zana bugu a gefen maɓallan fiyano, ka kwafe shi cikin wannan gurbi guda, kana ajiye kowanne a mazauninsa: kik a C3, sineya a D3, tafi a D#3, haihat rufaffe a F#3, buɗaɗɗe a A#3. Daga nan ka fitar da fayil ɗin. Akwai umarnin da ake kira Prepare for MIDI export a ƙarƙashin Tools da Macros, wanda ke mayar da dukan guraben aikin zuwa MIDI Out a lokaci ɗaya. Yana da amfani, amma yana maye gurbin kayan sautinka ne, kuma ba ya gyara maka lambobin ganguna, shi ya sa na fara da maganar kwafi.

Game da abokinka mai Cubase, shi da kai duk kuna da gaskiya, sunayen ne suka saɓa. Kowa ya yarda cewa C na tsakiya lamba 60 ce, amma FL Studio tana kiranta C5, Cubase da fiyanon Yamaha suna kiranta C3, littattafan koyon kiɗa da yawa kuma C4. Saboda haka C1 ɗinsa lamba 36 ce, wadda a wurinka C3 ce. Da ka sa kik a C1 na FL Studio, lamba 12 ka aika masa, kuma babu gangar da ke zaune a can. Shawarata ita ce duk lokacin da za ku yi magana tsakanin manhaja biyu, ku ambaci lamba, ku bar harafi.

Amsa daga wata malamar kwamfuta a Talata Mafara

Malam, bayanin da ya gabata ya warware batun lambobi, ni kuma zan tsaya a kan tarkacen alamomin da suka cika maka takarda, domin dalilinsu daban ne.

Ganga ba ta damu da tsawon bugu ba. Ko ka zana bugun gajere ko dogo a Piano roll, muryar sineya za ta fito ta mutu da kanta. Manhajar rubutu kuwa tana ɗaukar tsawon da muhimmanci: idan yatsanka ya ɗaga da wuri, za ta rubuta gajeriyar alama ta cike ragowar da alamomin shiru, idan kuma ya wuce taku da ɗan kaɗan, za ta ɗaure alama biyu da igiya. Hannun ɗan Adam ba ya faɗawa daidai kan raga, wato layukan da ke raba lokaci a manhaja, kuma wannan ɗan saɓanin shi ne yake sa kiɗa daɗi a kunne, amma shi ne kuma yake ɓata shi a takarda. Don haka nake ganin ba daidai ba ne a nemi fayil guda ya yi aiki biyu. Ka bar fayil ɗin saurare yadda ka buga shi. Ka yi wani na daban domin takarda, ka daidaita farkon kowane bugu a kan raga, sannan ka ja ƙarshensa har ya taɓa bugun da ke biye; Ctrl+L yana yin wannan a Piano roll.

Sai dai kafin ka daidaita, ka tabbatar da irin ragar da kiɗan yake buƙata, kuma a nan ne mutanenmu suka fi samun tangarɗa. Akwatunan FL Studio suna raba kowane taku gida huɗu, alhali kiɗanmu da yawa, musamman na kalangu da na gangar noma, uku-uku suke tafiya. Idan ba ka taɓa saitin ba, manhajar tana ƙirga ɗigo 96 a kowane taku. Rabon huɗu yana faɗawa a 0, 24, 48 da 72, rabon uku kuma a 0, 32 da 64. Idan ka tilasta wa kiɗan uku-uku ragar huɗu, bugun da ke 32 zai ja baya zuwa 24, na 64 ya matsa gaba zuwa 72, sai kiɗan ya fara ɗingishi, kuma makaɗin da ka naɗa zai fara gane cewa ba nasa ba ne. Ka saurari kalangun shi kaɗai kana tafa hannu a kan taku, ka ƙirga bugu nawa ke shiga tsakanin tafi da tafi. Idan uku ne, ka zaɓi ragar 1/3 beat.

Idan ya tabbata uku-uku ne, akwai zaɓi a gabanka. Za ka iya barin kiɗan a 4/4, takarda ta cika da ƙaramar lamba 3 a kan kowane rukuni, ko ka rubuta shi a 12/8, inda rabon uku shi ne asali kuma ba ya buƙatar wata alama. Ga yaran sakandare na fi son 12/8, domin shafin yana fitowa a tsabtace. Abin kiyayewa shi ne lissafin gudu. Fayil ɗin MIDI yana auna gudu da alamar kwata, wato alamar taku ɗaya a 4/4, alhali takun 12/8 kwata ne da rabinta, saboda haka kiɗan da kake ji a 100 zai zama 150 a ma'aunin kwata, kuma kowane bugu mai ɗigo 32 sai an miƙe shi zuwa 48. Ka duba kuma cewa gudun da ma'aunin sun shiga cikin fayil ɗin, domin duk wanda bai ɗauke su ba ana karanta shi a 120 da 4/4.

Zan ƙara da abin da na gani da idona. MuseScore 3 tana da wani allo da ke fitowa a ƙasa idan an buɗe MIDI, inda ake zaɓar mafi ƙanƙantar alamar da za a yarda da ita da kuma ko a nemi rabon uku. Mutane da yawa sun ajiye ta a kwamfutarsu saboda wannan allo. Amma idan kiɗan naka ɗaki huɗu ne ko takwas da ake maimaitawa, kamar yawancin kiɗan fareti, shigar da shi da hannu tare da alamar maimaici ya fi sauri a kan gyaran abin da na'ura ta rubuta.

Amsa daga wani tsohon ɗan badujala a Zuru

Ɗana, na karanta tambayarka da amsoshin nan biyu, kuma na ƙaru da su. Ni ban ƙware a kwamfuta ba, amma na shafe rayuwar aikina ina karanta takardar ganga, kuma akwai abin da ban ga an taɓo ba.

Tasha ta 10 idan ta shiga manhajar rubutu, abin da za ta ba ka shi ne layuka biyar na mutum ɗaya da ke zaune a gaban jerin ganguna, yana bugawa da hannu biyu da ƙafa biyu. A wannan tsari kik yana zama a fili na farko daga ƙasa, sineya a fili na uku, haihat a saman layi na biyar da kai mai kama da gicciye, abin hannu jelarsa sama, abin ƙafa jelarsa ƙasa. Tsari ne mai kyau, amma ba na 'yan fareti ba ne. A badujalar makaranta yaro ɗaya ne ke rataye da babbar ganga, wasu suna da sineya, wani yana riƙe da faranti, kuma kowannensu nasa kawai yake buƙatar gani yana tafiya. Ka tambayi malamin yara nawa ne da abin da kowa ke riƙe, ka ba kowane rukuni nasa layi guda, ka fitar wa kowa takardarsa, malamin kuma ya riƙe wadda ta haɗa duka. Haihat ma babu shi a fareti, sai ku yanke shawarar wanda zai ɗauki bugunsa, ko mai faranti ko mai sineya a bakin gangarsa. Kuma ka rubuta wa masu sineya hannun da za su yi amfani da shi a ƙarƙashin kowane bugu, dama ko hagu, domin babu fayil ɗin da zai kawo maka wannan, kuma idan babu shi sandunan yara ba za su tashi tare ba.

Kalangu kuwa ina roƙonka kada ka cusa shi cikin lambobin nan na 35 zuwa 81. Babu shi a cikinsu, kamar yadda babu kotso ko taushi, kuma idan ka ara masa mazaunin konga, duk wanda ya buɗe fayil ɗin konga zai ji. Mafi muhimmanci, kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, yana bin hawa da saukar kalmomin Hausa, shi ya sa mai saurare yake gane take ko kirari ba tare da an buɗe baki ba. Alama guda a layi guda ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Abin da na ga ya yi aiki shi ne layuka uku: na sama domin matsattsiyar murya, na tsakiya, da na ƙasa domin sakakkiya, da ɗan karkataccen zane tsakanin alama biyu inda muryar ke zamewa bayan an buga. Sannan ka rubuta kalmomin taken a ƙarƙashin alamomin, gaɓa da gaɓa. Yaron da ya tashi a Zamfara ko Kabi, da zarar ya furta kalmomin, hannunsa zai nemo muryar kafin idonsa ya gama karanta layin. A saman shafin farko kuma ka yi ɗan jadawali mai bayyana ma'anar kowane layi, domin wanda zai ɗauki takardar bayan shekaru ba zai same ka ya tambaya ba.

Ban yarda gaba ɗaya da 'yata ta Talata Mafara a kan 12/8 ba. Ga kalangu tana da gaskiya. Amma idan yaran za su yi maci da kiɗan, ƙafa biyu gare su, hagu da dama, kuma 6/8 shi ne abin da malaminsu ya saba kirga musu. Ɗaki ɗaya na 12/8 ɗakuna biyu ne na 6/8, babu bugun da zai sauya.

Mai tambaya ya dawo

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malama da ɗan'uwana na Birnin Kebbi. Na mayar da ganguna tasha ta 10 a kan lambobinsu, kuma sun fito da muryarsu. Kalangun uku-uku ne kamar yadda Malama ta yi hasashe, malamin kuma ya zaɓi 6/8, ya ce yaransa rukuni uku ne da mai kalangu ɗaya. Saura abu biyu. Yana son ya riƙa kunna musu fayil ɗin a fiyanonsa na Yamaha domin ya rage gudu lokacin atisaye, to yaya zan sa lanƙwasar kalangun ta fito a can? Sannan akwai wani kacau-kacau da na naɗo daga salon kiɗan da ke cikin irin wannan fiyano, shi har yanzu da muryar fiyano yake fitowa a MuseScore.

Amsa ta biyu daga Birnin Kebbi

Madalla, ɗan'uwa. Lanƙwasar murya saƙo ne mai zaman kansa a MIDI, daban da saƙon bugu, kuma tasha sukutum yake shafa. Idan ka sa shi a tasha ta 10, wata na'ura za ta yi watsi da shi, wata kuma ta lanƙwasa kik da sineya tare da shi. Ka ba kalangun tasharsa shi kaɗai, misali ta 2, ka zaɓa masa murya mai lamba 118 a jerin General MIDI, wadda ganga ce da ke bin hawa da saukar fiyano; idan manhajarka daga sifili take fara ƙirga, za ka gan ta a 117. Ba muryar kalangu ba ce, amma za ta nuna wa yaro inda ake hawa da inda ake sauka. Ka sani kuma cewa iyakar lanƙwasa a ƙa'ida rabin mataki sau biyu ne sama da sau biyu ƙasa. Idan ka faɗaɗa ta a FL Studio, fiyanon malamin bai san da haka ba, sai muryar ta yi ɗan motsi kawai. Hanya mafi sauƙi domin atisaye ita ce ka bar lanƙwasar, ka buga muryoyin nan uku da Baba ya ambata a kan lambobi uku daban, yaran su ji zamewar a cikin sautin da ka naɗa.

Kacau-kacau ɗin kuma, salon kiɗan Yamaha yana amfani da tasha biyu domin ganguna, ta 9 da ta 10, kuma yana sanar da na'ura cewa ta 9 ganga ce ta hanyar saƙon zaɓen banki mai lamba 127. Manhajar da ke bin General MIDI zalla tasha ta 10 kawai ta sani, sai ta ɗauki ta 9 a matsayin fiyano. Ka kwashe bugun ka mayar da shi ta 10, ka duba lambarsa. Jerin gangunan Yamaha ya sauka ƙasa da 35, don haka idan a can yake, ka ɗaga shi zuwa 69 ko 70, waɗanda su ne mafi kusa da muryar kacau-kacau. Lokacin da za ka sa fayil ɗin a filashi, idan fiyanon tsoho ne kuma ya ƙi karantawa, ka mayar da shi nau'i na 0, wanda ke haɗa dukan tashoshi a tirak guda, domin wasu tsofaffin na'urori ba sa buɗe nau'i na 1. Takardar kuma ka ba malamin a PDF domin bugawa, ka haɗa masa da MusicXML, fayil ɗin da ke ɗaukar rubutun alamomin kiɗa, idan zai so ya gyara wani abu a wata manhaja, saboda layukan nan uku da alamun hagu da dama ba za su bi fayil ɗin MIDI ba.